Bashin Babban Wa: Abin da Ke Raba Kan Masu Kallon Fim Ɗin Deewaar

A cikin finafinan Indiya da mutanenmu suka daɗe suna kallo akwai wani iri wanda ba a tashi daga gabansa sai da gardama. Shi ne mai ba da labarin 'yan'uwa na ciki ɗaya, inda babba ke haƙura da karatunsa ko aurensa ko lafiyar jikinsa domin ƙanensa ya zama mutum, sa'an nan daga baya wani abu ya shiga tsakaninsu. Idan an gama, sai ka ga mata na share hawaye da bakin zane, samari na musu har da ɗaga murya, dattijo kuwa ya girgiza kai kawai ya ce duniya ke nan. Nufina a wannan maƙala shi ne in bayyana wa 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu dalilin da ya sa haka ke faruwa. Zan ɗauki fim ɗaya mai suna Deewaar in yi misali da shi, domin iyayenmu da yawa sun gan shi tun suna samari, mu kuma muna samunsa a waya lokacin hutu.

Yadda Finafinan Indiya Suka Zama Namu

Finafinan Indiya ba baƙi ba ne a Arewa. Tun cikin shekarun 1950 'yan kasuwa mutanen Labanan, masu gidajen silima, suka fara shigo da su, suka kuwa ga jama'a sun karɓe su hannu bibbiyu. A Kano an buɗe silimar Rex a 1937, daga baya aka sami irin su El Dorado da Plaza da Marhaba. Wani fim mai suna Mother India, wanda Mehboob Khan ya shirya a 1957, an yi shekara da shekaru ana maimaita shi. Har laƙabi 'yan kallo suka sa wa 'yan wasa: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Matan aure ba sa zuwa silima, amma da gidajen talabijin suka fara nuna waɗannan finafinai a ƙarshen shekarun 1970, sai suka iske su har cikin ɗaki. Bayan haka kaset ya zo, faifai ya biyo baya, yanzu kuma ga fassarar da ake kira Indiya-Hausa, wadda masu tura fim ke zuba wa mutum a waya da kuɗi kaɗan.

Wani masani Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano yana nazarin wannan al'amari, ya rubuta a 1997 cewa abin da ya jawo Hausawa shi ne sun ga rayuwa mai kama da tasu: sutura mai rufe jiki, kunya tsakanin mace da namiji, babban gida, da ikon iyaye a kan auren 'ya'yansu. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero shi ma ya yi rubutu da yawa a kan yadda finafinan Hausa, waɗanda suka soma da Turmin Danya a 1990, suka ari labarai da waƙe-waƙe daga Indiya. Saboda haka idan mutumin Manga ya zauna kallon rigimar wa da ƙane a Bombay, ba ya jin labarin wata duniya ake ba shi.

Labarin a Taƙaice

Deewaar ya fito a watan Janairu na 1975. Ma'anar sunan ita ce bango. Yash Chopra ne ya ba da umarni, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta labarin. Amitabh Bachchan ya fito a matsayin wa, mai suna Vijay, Shashi Kapoor kuma ƙane, mai suna Ravi, Nirupa Roy ita ce uwarsu. Wani abin mamaki shi ne Shashi Kapoor, wanda aka haifa a 1938, ya girmi Amitabh da shekara huɗu, amma shi aka ba matsayin ƙane.

Uban yaran shugaban ƙungiyar ma'aikata ne. Maigidan da suke wa aiki ya sa aka kama matarsa da 'ya'yansa, ya tilasta masa sa hannu a takardar da ta sayar da haƙƙin ma'aikata. Kunya ta sa uban ya gudu ya bar gida. Ma'aikatan da suka fusata suka kama Vijay yana yaro, suka yi masa zane a hannu wanda ba ya gogewa, mai cewa ubansa ɓarawo ne. Uwar ta kwashe yaranta zuwa Bombay, wadda aka mayar wa suna Mumbai a 1995. Can suka riƙa kwana a ƙarƙashin gada, ita tana ɗaukar bulo a wurin gini. Kuɗin da take samu ba zai kai yaro makaranta ba, sai Vijay ya ce shi zai yi aikin goge takalma domin Ravi ya yi karatu.

Da suka girma Vijay ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, yana ɗaure da lambar aiki 786, wadda Musulmin Indiya ke ɗauka a matsayin lissafin haruffan Bisimilla. Ya yi faɗa da masu ƙwace wa 'yan dako kuɗi, wani babban ɗan fasa-ƙwauri ya ga jarumtarsa ya ɗauke shi aiki. Nan da nan ya yi arziki, har ya sayi benen da uwarsa ta ɗauki bulonsa. Ravi kuwa ya gama karatu, ya sha yawon neman aiki, daga bisani ya shiga ɗan sanda, aka kuma danƙa masa binciken ƙungiyar da wansa ke ciki. Da uwar ta san inda dukiyar ta fito, sai ta bar gidan Vijay ta bi Ravi. 'Yan'uwan sun haɗu a ƙarƙashin gadar nan ta ƙuruciyarsu, Vijay ya lissafa gidaje da mota da kuɗin da ya tara, ya tambayi ƙanensa shi me yake da shi. Ravi ya amsa da cewa shi yana da uwa. A ƙarshe Ravi ne ya harbi wansa, Vijay ya ja jiki zuwa wurin ibadar da uwarsa ke jiransa, ya cika a kan cinyarta. Hukuma kuma ta ba Ravi lambar yabo.

Rukunin Masu Kallo

Na lura masu kallon wannan fim sukan rabu gida huɗu.

Rukuni na farko su ne magoya bayan Vijay, kuma yawancinsu 'yan fari ne ko waɗanda suka taɓa ɗaukar nauyin wani. Hujjarsu ita ce kakin da Ravi ke sanye da shi da kuɗin goge takalma aka saye shi. Ba don Vijay ya zauna a bakin titi ba, da Ravi bai san ƙofar aji ba, balle ya san dokar da yake taƙama da ita. Sukan kawo karin maganar nan, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ganinsu Ravi yana iya cewa a ba wani ɗan sanda aikin, ko ma ya ajiye kakin. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Rukuni na biyu na bayan Ravi. Su kuma suna tambaya, don me aka sa shi makaranta tun farko? Ai domin ya zama mutumin kirki mai riƙon amana. Idan ya kama ɗan wani ya saki ɗan'uwansa, to wahalar da Vijay ya sha ta tashi a banza, domin ba ta haifar da komai ba sai wani maci amana. Suna kafa hujja da wani wuri a cikin fim ɗin. Da farko Ravi ya ƙi karɓar aikin kama wansa. Sai wata rana ya bi wani yaro da ya yi sata, ya harbe shi a ƙafa, ashe burodi ya sato wa iyalinsu masu jin yunwa. Ravi ya kai musu abinci cikin nadama, uwar yaron ta zazzage masa baƙaƙen maganganu, amma uban, wanda tsohon malamin makaranta ne, ya ce sata sata ce, ko ƙarama ko babba. Daga nan Ravi ya koma ya karɓi aikin. Masu wannan ra'ayi sukan ce wanda ya harbi ɗan talaka a kan burodi ba shi da bakin kare wansa a kan zinariya.

Rukuni na uku iyaye mata ne, kuma su ba ruwansu da wanda ya fi gaskiya tsakanin yaran. Idonsu na kan uwar. Suna ganin ita ce ta fi kowa asara, domin ɗanta ya kashe ɗanta. Wurin da ya fi sa su kuka shi ne inda ta miƙa wa Ravi bindigarsa da hannunta, ta yi masa addu'a kada hannunsa ya yi rawa, sa'an nan ta tafi jiran ɗayan. Amma a cikinsu akwai masu ganin laifinta. Sukan ce tun ranar da ta yarda yaro ɗaya ya tafi aji ɗaya ya tafi titi, ita ta aza harsashin bangon. Wasu kuma su ce mace mai ɗaukar bulo ba ta da zaɓi, abin da hannu ya kai shi ake ɗauka.

Rukuni na huɗu ba su da yawa, galibi malamai ne da manyan ɗalibai. Su suna cewa a bar yaran da uwarsu, a dubi wanda ya jefa su cikin wannan hali. Maigidan da ya tilasta wa uban sa hannu ba a hukunta shi ba. Waɗanda suka yi wa yaro zane a hannu ba a kama su ba. Vijay da kansa ya faɗi haka sa'ad da Ravi ya kawo masa takardar amsa laifi, ya ce a fara samo sa hannun waɗannan tukuna. Wannan rukuni na tunatar da mu cewa fim ɗin ya fito ne lokacin da Indiya ke fama da tsadar abinci da rashin aiki. A 1974 ma'aikatan jirgin ƙasa sun yi babban yajin aiki, a watan Yuni na 1975 kuma gwamnatin Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci. Shi ya sa talakawa suka ɗauki Vijay gwarzonsu, ko da yake labarin ya nuna shi mai laifi ne.

Dabarun da Ke Jawo Hawaye

Kada mu ɗauka hawayen nan haka kawai suke zuwa. Masu shirya irin waɗannan finafinai sun san aikinsu, kuma akwai dabarun da suke maimaitawa.

Ta farko, sukan fara da ƙuruciya. Mun ga Vijay yana yaro kafin mu gan shi yana laifi. Mun ga wani attajiri ya jefa masa kuɗin goge takalma a ƙasa, ya ƙi ɗauka sai an miƙa masa a hannu. Duk abin da ya yi daga baya, wannan yaron muke tunawa. Ta biyu, sukan haɗa gaskiya biyu su yi karo. Da a ce ɗaya mugu ne ɗaya nagari, da ba wanda zai yi musu. Amma nan zumunci ne ya yi karo da amanar aiki, kuma dukanmu an tashe mu a kan girmama su duka biyu. Ta uku, sukan sa uwa a tsakiya ta zama alƙali, domin sun san ba hukuncin da ya kai uwa ta juya wa mutum baya. Ta huɗu kuwa kiɗa ne da kusanto fuska. Da zarar abin baƙin ciki ya matso, sai goge ya tashi a hankali, a cika allo da idon mai kuka, har mai kallo ya ji nasa idon ya kawo ruwa.

Wannan tsari ma ba Deewaar ne ya fara shi ba. A Mother India uwa ce ta harbe ɗanta Birju da ya ɗauke 'yar mutane. A Gunga Jumna na 1961 Dilip Kumar ya fito a matsayin wan da ya yi wahala ƙanensa ya yi karatu, ƙanen ya zama ɗan sanda, wan ya zama ɗan fashi, ƙarshensu kuma iri ɗaya ne. Wanda ya yi ƙanen, Nasir Khan, ƙanen Dilip Kumar ne na jini.

Idan Ƙanne Mata Ne

A watan Agusta na 2022 an fitar da wani fim mai suna Raksha Bandhan, wanda Aanand L. Rai ya shirya, Akshay Kumar ya ja ragamarsa. Sunan na wani biki ne da mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta zare a hannu, shi kuma ya ɗauki alkawarin kare ta. Jarumin ya yi wa uwarsa alkawari tana gargarar mutuwa cewa ba zai yi aure ba sai ya aurar da ƙannensa mata huɗu. A Indiya dangin amarya ne ke ba dangin ango dukiya, duk da an yi dokar hana haka tun 1961. Domin ya tara wannan dukiya har ƙodarsa ya sayar. Ƙanwar da ya fara aurarwa ta rasa ranta saboda dangin miji sun matsa mata a ƙaro musu. Sai a lokacin ya gane karatu ya kamata ya ba sauran.

Nan ma kan masu kallo ya rabu. Wasu sun yi kuka sun yaba wa wan. Masu sharhi da dama kuwa sun soki fim ɗin, suka ce ya ɓata rabinsa yana yi wa 'yan matan dariya a kan ƙiba da baƙar fata, yana nuna su kamar kaya a kan ɗan'uwansu, wa'azin kuma ya zo a makare. A kasuwa ma bai yi ciniki sosai ba.

Mu a nan namiji ne ke biyan sadaki, to amma labarin bai yi mana nisa ba. Kayan ɗaki da gara suna kan dangin amarya, kuma inda uba ya rasu, kan babban wa suke faɗawa. A al'adar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, saurayi kan yi golmo, watau noman gonar surukinsa har shekara bakwai tare da ƙungiyar tsaransa. Wanda ya tashi a inda ake auna mutum da shekarun da ya ba da ƙarfinsa ba sai an fassara masa mene ne sadaukarwa ba. Abin da na ga finafinan ba su cika nunawa ba shi ne yaya mace. A garuruwanmu sau da yawa ita ce ke barin aji ta ɗauki talla ko raino domin ƙanenta namiji ya ci gaba, kuma ba wanda ke buga mata goge.

Inda Abin Ya Shafe Mu

Masu iya magana sun ce babban wa uba. Ƙasar Zuru ta yi suna wajen aikin soja tun zamanin Turawa. Ta haifi Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami, Manjo Janar mai ritaya, wanda ya rasu a 2025. Amma bayan kowane janar akwai kurata masu yawa da ba a san sunansu ba, waɗanda ke raba albashinsu da ƙannensu. A ɗakunan kwananmu akwai ɗaliban da kuɗin littafinsu da sabulunsu da kuɗin motarsu daga hannun wa soja ko ɗan acaba ko manomi suke fitowa. Saboda haka musun Vijay da Ravi ba na silima kaɗai ba ne. Mai goyon bayan Vijay sau da yawa kansa yake karewa, mai goyon bayan Ravi kuma tsoron ranar da za a zo karɓar bashi yake ji.

A nawa ganin, kowane rukuni ya riƙe wani yanki na gaskiya. Bashin wa bashi ne na haƙiƙa, kuma ƙanen da ya sami aiki ya manta da wanda ya goge takalma dominsa butulu ne. Sai dai akwai abin da ake biyan wannan bashi da shi, akwai kuma abin da ba a biya da shi. Ana biya da ladabi, da kula da 'ya'yan wan, da tsayawa a kansa ranar ciwo ko tsufa. Ba a biya da rufe laifi, ko satar kuɗin ofis, ko ba ɗan'uwa gurbin da wani ya fi shi cancanta, domin wannan da haƙƙin mutane aka biya, ba da guminka ba. Kuskuren Ravi, in yana da shi, bai wuce cewa ya ci moriyar wahalar wansa shekara da shekaru ba tare da ya tsaya ya tambaye shi yadda zuciyarsa take ba. Kuskuren Vijay kuwa shi ne ya zaci alherin da ya yi a baya ya ba shi izinin yin abin da ya ga dama.

Ga iyayenmu kuma ina da roƙo cikin ladabi. Idan hali ya sa dole wani yaro ya haƙura domin wani, a zauna da shi a nemi yardarsa, a kuma gaya wa ƙannensa abin da aka yi dominsu. In hali ya samu daga baya, a mayar da shi aji ko a koya masa sana'a, ko da ajin yaƙi da jahilci ne. Yaron da aka yi shawara da shi ba ya riƙe abin a zuci kamar wanda aka yanke wa hukunci yana tsaye.

Mu kuma 'yan makaranta, kafin mu shiga musu a kan Ravi, kowa ya lissafa hannun da kuɗin zangon nan ya bi kafin ya iso gare shi. In ya gano mai hannun, ya kai masa sakamakon jarrabawarsa da kansa ranar da aka ba da hutu, ya zauna ya karanta masa shi darasi bayan darasi, ko da shi bai taɓa shiga aji ba. Allah ya bar zumunci, ya saka wa yayyenmu da alheri.